Shirin bindigar farautar talotalon daji a Misuri, 2025

8 ga Fabrairu

Hukumar kula da gandun daji da namun dawa ta jihar Misuri a Amurka ta fitar da ranaku: farautar talotalon daji za ta buɗe ranar Litinin 21 ga Afrilu, a rufe ta ranar Lahadi 11 ga Mayu. Bana na ƙudura zan shiga. Kafin ranar ina so in tsai da shawara a kan tsawon bututun da zan fita da shi, da irin matsin bakinsa, da harsashin da zan ɗura.

Bindigar da ke hannuna Remington 870 ce, geji 12, mai cin harsashi inci 3, bututunta inci 28. Ta hannu na saye ta don harbin kurciya a watan Satumba. Tun 1950 ake ƙera irinta, don haka kayanta ba sa wuya a kasuwa. Ga wanda bai saba ba, lissafin geji haka yake: a raba laba ɗaya ta darma kashi 12, a dunƙula kowane kashi, to faɗin dunƙulen shi ne faɗin ramin bututun geji 12. Shi ya sa geji 20 ta fi geji 12 ƙanƙanta.

Harbin kurciya da harbin talotalo ba su haɗa hanya ba. Kurciya tana tashi, kana bin ta da bakin bindiga, kana so ƙwayoyin harsashi su bazu su tare ta. Talotalo kuwa a ƙasa yake, yana tafe yana leƙe-leƙe, kai kana zaune ka jingina da itace. Babban namiji yakan kai kilo 9 zuwa 11, gashinsa mai kauri, fukafukansa sun rufe ƙirji. Wanda ya harbi jiki sau da yawa raunata shi kawai yake yi, ya gudu ya mutu inda ba mai gani. Kai da ƙashin wuya ake nufa, kuma wurin ɗan siriri ne. Ke nan abin da ake nema shi ne ƙwayoyin su tafi a dunƙule, su sauka daidai inda aka auna.

Dokar jihar ta riga ta rage mini wasu tambayoyin. Ba a harbi da ƙwayar da ta fi lamba 4 girma. Bindiga ba za ta iya ɗaukar fiye da harsashi uku ba, har da na cikin baki, saboda haka sai an cusa toshiya a ma'ajiyar harsashin 870. Ba a zuba hatsi don jawo su, ba a kira da na'urar lantarki. Namiji ake harbi, ko duk wanda gemunsa ya fito fili. Guda biyu aka yarje wa mutum a duk lokacin, ɗaya tak a satin farko. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1967 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin koyon ƙa'idar farauta. Ni na yi nawa tun lokacin kurciya.

Wanda ya ga yadda ake tsaurara doka zai ce an yi yawa. A farkon shekarun 1950 talotalon dajin da ya rage a Misuri bai kai 2,500 ba. Daga 1954 zuwa 1979 hukumar ta yi ta kamo su da raga tana kai su wuraren da suka ƙare, aka sake buɗe farautar a 1960. Wani ɓangare na kuɗin irin wannan aiki daga aljihun mafarauta yake fitowa, ta dokar Pittman-Robertson ta 1937, wadda a yau take cire kashi 11 cikin ɗari a kan bindigogin farauta da harsasai. Duk kwalin da zan ƙona a filin gwaji akwai rabonsu a ciki.

15 ga Fabrairu

Na leƙa shagon bindigogi a nan Sen Luwis. Duk wadda aka rubuta wa ta talotalo ce, bututunta tsakanin inci 20 ne da 24, an yi mata fenti launin ganye. Yaron shagon ya dage cewa dogon bututu ya fi kai harbi nesa. Wani mai saye da ke gefe ya ce a'a, gajere ya fi tara ƙwaya. Na bar su suna musu.

Abin da na sani shi ne albarushin zamani yana gama yawancin aikinsa kafin ƙwayoyi su wuce inci 18 zuwa 20 na bututu. Abin da ya biyo baya ɗan ƙarin gudu ne kawai, 'yan ƙafafu a daƙiƙa kan kowane inci, alhali harsashin yana fita da gudun ƙafa 1,100 zuwa 1,300. Talotalo ba zai ji wannan bambanci ba. Zancen dogon bututu gado ne daga zamanin baƙin albarushi, wanda yake ci a hankali, kuma a lokacin gaskiya ne.

Abin da ke tara ƙwayoyi shi ne cok, ɗan guntun bututu mai zare da ake ɗaurawa a cikin bakin bindiga don ya matse mafitar. Ramin geji 12 faɗinsa inci 0.729 ne. Cok ɗin da ake kira cikakke yakan matse shi zuwa wajen 0.695. Na talotalo ya fi haka matsi, yawanci tsakanin 0.660 da 0.670. Na sayi mai 0.665, kuma na tabbatar an rubuta a kwalinsa cewa yana jure ƙwayar tangistin, wani ƙarfe mai nauyi da tauri, don kada in sake saye nan gaba.

Ban sayi bututu ba. Maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, yana da 870 mai bututu inci 21, zaren bakinsa iri ɗaya da nawa. Ya ce in ɗauka in gwada. A 870 sauya bututu ba aiki ba ne: ka kwance murfin ma'ajiyar harsashi, ka zare wannan, ka zura wancan. Ke nan zan iya gwada tsawo biyu a jikin bindiga ɗaya, da cok ɗaya, da harsashi daga kwali ɗaya. Ƙasa da inci 18 kuwa ba ma a maganarsa, dokar tarayya ta 1934 ta sa masa takunkumi.

22 ga Fabrairu

Filin gwajin harbi na hukumar da ke yankin August A. Busch, a gundumar Sen Cals. Sanyi kamar ya tsinke yatsu. Na tafi da nadin takarda mai faɗin yadi ɗaya, da alƙalamin maka, da kwali da na yanka zagaye mai faɗin inci 10.

Yadda ake yi: a kafe takarda a yadi 40, a ɗiga baƙin tabo a tsakiya, a ɗora bindiga a kan jakar yashi, a harba sau ɗaya. Sai a je a nemo inda ramuka suka fi cunkushewa, ko da ba a kan tabon ba ne, a ɗora kwalin a zana da'ira, a ƙirga ramukan ciki ɗaya bayan ɗaya ana ɗiga musu maka. Ma'aunin da mafarautan nan suka saba da shi shi ne ƙwaya 100 a cikin da'irar. Duk nisan da adadin ya faɗi ƙasa da haka, nan ne iyakar bindigarka. Ba doka ba ce, al'ada ce, amma al'ada mai hankali.

Na fara da wani harsashin darma mai araha, lamba 5. Da dogon bututu ramukan da'ira ba su kai 100 ba. Da gajere ma haka. Takardar kamar an watsa wa kaji gero, nan cunkus, can fili wanda kan talotalo zai shige bai taɓa ko ɗaya ba. Wannan gibi shi ya fi damuna fiye da adadin.

Sai na koma Winchester Long Beard XR, inci 3, oza 1¾, lamba 5. Dabarar wannan harsashi ita ce an daskarar da ƙwayoyin cikin wani ƙaro mai tauri. Idan aka harba, ƙaron ya farfashe ya zama gari, ya hana ƙwayoyin da ke ƙasa lotsewa. Darma tana da laushi, kuma ƙwayar da ta lotse ba ta tafiya sak, baudewa take yi. Nan take adadin ya haura 150, gibin ya ragu ƙwarai.

Batun tsawo kuwa, na jera takardun a ƙasa na rufe rubutun da na yi a kusurwa, na ce wa dattijon ya ware mini na inci 28 da na inci 21. Ya sunkuya ya daɗe yana dubawa, ya ce shi dai bai gani ba. Bambancin da ke tsakanin harbi biyu na bututu ɗaya ya kai wanda ke tsakanin bututun biyu, wani lokaci har ya fi. Abin da gajeren ya fi shi ne ƙara. Ko da toshiyar kunne sai da na ji a haƙorana.

Wani abu da takardun suka nuna: duka bututun biyu suna zuba tsakiyar harbi sama da tabon, na inci 21 kuma yana ɗan karkata hagu, wajen inci 4. A harbin kurciya ba wanda zai lura. A nan kuwa babbar magana ce.

Kafaɗata ta yi tsami. Akwai masu harba harsashi inci 3½ mai oza 2 ko fiye, wanda Mossberg da Federal suka fito da shi a 1988. Naushinsa yana gogayya da na bindigogin harbin manyan namun dawa. Tawa ba ta cin sa, kuma ban yi baƙin ciki ba. Wanda yake tsoron bindigarsa yakan runtse ido kafin ya ja kunama.

8 ga Maris

Azumi ya kama, na jingine zuwa fili. Bayan asham nakan zauna da biro in yi lissafin ƙwaya, don a nan ne ainihin zaɓin yake.

Lambar ƙwaya tana tafiya a juye: a cire ta daga 17, abin da ya rage shi ne faɗinta a kason ɗari na inci. Lamba 4 tana da 0.13, lamba 5 tana da 0.12, lamba 6 tana da 0.11, lamba 9 kuma 0.08. A oza ɗaya ta darma akan sami ƙwaya wajen 135 ta lamba 4, 170 ta lamba 5, 225 ta lamba 6. A harsashi mai oza 1¾ ke nan, lamba 4 ta ba ka kusan 235, lamba 5 kusan 300, lamba 6 kusan 390. Tsohuwar gardamar mafarauta duk a nan take. Babbar ƙwaya tana riƙe ƙarfinta har nesa ta fasa ƙashi, amma ba ta da yawa. Ƙaramar tana cika takarda, amma ƙarfinta yana saurin mutuwa. Lamba 5 sulhu ce aka yi tsakanin biyun.

Tangistin ne ya zo ya rushe wannan sulhu. Nauyin darma a kowane gunduwa mai santimita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri giram 11 ne da ɗan ɗori. Baƙin ƙarfe bai kai 8 ba. Ƙwayar tangistin da ake kira TSS tana da 18. Saboda wannan nauyi, 'yar mitsitsiyar lamba 9 ta TSS tana huda nama kusan yadda lamba 5 ta darma take yi, ga shi iska ba ta cika tare ta ba saboda ƙanƙanta, ga tauri ba ta lotsewa. A oza ɗaya akwai wajen 360. Oza 1¾ ta zama ƙwaya 630, ninki biyu na abin da nake harbawa. Da can masu ɗura harsashinsu a gida ne suke amfani da ita, sai a 2018 Federal ta fara sayar da ita a kwali, daga nan kasuwa ta juya.

Inda ta fi juyawa shi ne wajen ƙananan bindigogi. Geji 20 mai oza 1½ ta lamba 9 tana ɗauke da ƙwaya 540. Har 'yar ƙaramar .410, wadda ake ba yara su koyi harbi, tana ɗaukar kusan 295 a harsashi ɗaya, daidai da geji 12 ɗina da darma lamba 5. Shi ya sa dattawan da kafaɗa ta gaji suke ajiye geji 12, maƙwabcina ma yana cikinsu.

Sai kuɗi. Kwalin TSS harsashi biyar ne a ciki, kuma kuɗin guda ɗaya ya haura dala 10 a inda na duba. Na darma goma ne a kwali, kuma kwalin gaba ɗaya bai kai kuɗin TSS uku ba. Ba na jin zai sauko nan kusa: wajen kashi 80 cikin ɗari na tangistin ɗin duniya daga ƙasar Sin yake fitowa, kuma a watan jiya ta sa takunkumi a kan fitar da shi. Masu cewa ai harsashi ɗaya ko biyu kake harbawa a shekara sun manta da na gwaji, wanda shi ne mai cin kuɗin.

Darma kuma tana da nata. Tun 1991 aka hana harbin agwagin ruwa da ita a duk Amurka, saboda tsuntsaye suna haɗiye ta su mutu da guba. Kalifoniya ta hana ta a kowace irin farauta daga Yulin 2019. A nan Misuri akwai wasu filayen hukuma da ba a shiga da ita, don haka dole mutum ya duba dokar filin da zai je.

16 ga Maris

Na kira Kawu a gida in yi masa barka da shan ruwa. Shi tsohon maharbi ne, da adaka ya yi zamaninsa, zabin daji da gada. Na ba shi labarin takardu da da'ira. Ya yi dariya har da tari.

"Kai yaro, takarda kake harbi ko nama? Nawa ne nisan?"

Na ce, "Kawu, taku arba'in."

Ya ce, "Mu a taku ashirin muke tsayawa, don albarushin ba ya kai wa. Ku da naku yake kai wa, ku yi hattara, shi zai sa ku kasala."

Sai ya tambaye ni abin da ya fi damunsa, wato yanka. Na ce masa ina tafe da wuƙa. Abin da muka koya shi ne a yi bisimilla lokacin sakin harbi. Idan an tarar da shi da sauran rai, yanka ya wajaba. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya bambanta abin da makami ya huda da abin da ya buge da faɗinsa, kuma malaman Malikiyya na baya sun halatta abin da harsashin bindiga ya kashe saboda yana hudawa ya zubar da jini. Ya ce to madalla, amma in yi sauri in isa gare shi. Wannan ma wani dalili ne na rage nisa: a taku 25 kana isa kafin ya daina motsi.

5 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya, na koma fili. Kafin in fita na wanke bututun biyu tas da buroshi, don robar da ke rungume da ƙwayoyi tana barin dauɗa a ciki, kuma dauɗar tana taɓa yadda harbi ke bazuwa.

Na sayi kwali ɗaya na TSS lamba 9, oza 1¾. A yadi 40 ramukan da'ira sun haura 300, har na gaji da ƙirga. A yadi 55 ma suna sama da 100. Gaskiya ne abin da ake faɗa a kansa, ba talla ba ce.

Amma sai na jawo takardar zuwa yadi 15, nisan da kusan ba wanda yake gwadawa, alhali talotalon da ya amsa kira da gaske yakan zo har nan. Da TSS da darmar duka, rami ɗaya suka yi wanda bai fi tafin hannuna ba, gefensa a yage, robar harsashin ma ta huda takardar ta wuce. Na tsaya ina kallonsa ina tuna karkatar nan ta inci 4 da na gani a Fabrairu, da kuma yadda kan talotalo ba ya tsayawa wuri ɗaya. A ganina cok mai tsananin matsi ya fi sa a kuskure tsuntsu a kusa fiye da yadda yake taimako a nesa. Kowa yana nuna hoton takardarsa ta yadi 60, ba mai nuna ta yadi 15.

Saboda haka kuɗin da na ware don bututu sai na karkatar da wani abu daga ciki zuwa saiti. 'Yar ƙwallon da ke kan bakin bindiga ba ta gyaruwa. Na sayi saiti mai gaba da baya wanda ake maƙalawa a kan doron bututu, ana murɗa shi sama da ƙasa, hagu da dama. Na daidaita shi da harsashin kurciya mai araha a kusa, sannan na tabbatar da na talotalo a yadi 40. Yanzu tsakiyar harbi tana kan tabo. Na ƙarshe na yi shi a zaune a ƙasa, bindiga a kan gwiwa, da safar hannu da mayafin fuska, yadda zan kasance a daji.

Shawarar harsashi: darma lamba 5, iyakata yadi 40. TSS ya fi shi, ban musa ba, amma abin da ya fi shi da shi yana can bayan yadi 40, inda ba ni da niyyar harbi. A cikin itatuwa kuskuren kiyasin yadi 10 abu ne mai sauƙi, kuma tsakaninka da tsuntsun da ke yadi 60 akwai rassa da idonka bai gani ba, wataƙila har da wani maharbin a bayansa. Ragowar TSS guda biyu na ajiye su don filin da aka hana darma. Da geji 20 ce a hannuna, da shawarar ta sauya.

12 ga Afrilu

Mun tafi leƙen wuri da dattijon, dajin tarayya na Mark Twain, ɓangaren Potosi, kudu maso yammacin Sen Luwis. Abin dariya, yankin nan shi ne mahaƙar darmar Amurka tun da daɗewa. A farkon ƙarni na 19, a Hakuleniyam da ke bakin kogin Misisipi, daga kan tsauni ake zubo narkakkiyar darma ta cikin rariya, ta dunƙule a iska, ta faɗa ruwa ta zama ƙwayar harbi.

Mun isa kafin gari ya waye. Dattijon ya yi kukan mujiya da bakinsa, sai ga namiji ya amsa daga kan itace a ƙetaren kwari. Da rana ta fito mun ga inda suka tona busasshen ganye suna neman 'ya'yan itacen ok, da kashinsu. Na namiji a lanƙwashe yake kamar ƙugiya.

Na zo da bindigar ba harsashi, bututu mai inci 28 a jiki, don in ga yadda za mu yi da ita. A nan aka yanke hukuncin da takarda ta kasa yankewa. Rataye a kafaɗa, bakinta ya fi kaina tsawo, duk reshen da na sunkuya na wuce sai ya kama ta. Da na zauna a gindin itace na gwada juya ta daga hagu zuwa dama, ta bugi wani ɗan tsiro da ke gabana. Talotalo yana gani kusan ko'ina a kewayensa ba tare da ya juya ba, wannan ɗan motsi ya ishe shi. Sannan riƙe ta a kan gwiwa na minti goma, nauyin gaba yana jan hannu ƙasa. Da muka koma mota na ɗaura na inci 21 na sake shiga wurin. Inci bakwai ne kawai, amma kamar wata bindigar.

Wanda yake farauta a bakin gonakin arewacin jihar, cikin rumfa, dogon bututunsa ya ishe shi, kada ya ɓata kuɗinsa. Ni a tsaunukan Ozak zan yi, inda wannan daji yake. Dattijon ya ce tunda ya koma geji 20, in biya shi abin da ya sauƙaƙa in riƙe bututun. Na mayar da saitin kansa, gobe zan sake daidaitawa. Kaska ta fito, na fesa wa kayana magani na shanya.

21 ga Afrilu

Ranar buɗewa. An yarda a fara harbi rabin awa kafin fitowar rana, a filin gwamnati kuma a tashi da ƙarfe ɗaya na rana. Tun bara aka ƙyale masu farauta a filin da ba na gwamnati ba su kai faɗuwar rana. Ba ja, ba fari, ba shuɗi a jikina, don launin kan namiji ke nan. Na zaɓi itacen da ya fi kafaɗuna faɗi.

Ya yi kuka a kan itace, ya sauko, mata suka janye shi. Wajen ƙarfe tara wani ya fito a kan tudu, ya baje wutsiya yana kai da komo. Na riga na auna wani kututture a yadi 40, shi kuwa yana bayansa da kamar yadi 15. Ya daɗe a wurin, ya ƙi matsowa. Da TSS a ciki wataƙila da na ji ƙaiƙayi a yatsa. Na bar shi ya tafi.

29 ga Afrilu

Na ɗauki hutun safiya. An yi ruwa da dare, ganye ya jiƙe, tafiya ba ƙara. Wannan karon na zauna a kan tudun da na gan shi, ba a ƙasansa ba, don dattijon ya ce sun fi yarda su hau wajen kira da su gangara.

Har ƙarfe takwas shiru. Na goga akwatin kira sau uku a hankali na ajiye. Ya amsa daga dama, kusa fiye da yadda na zata. Na juya jikina gaba ɗaya tun bai bayyana ba, bindiga a kan gwiwa, bakinta ya wuce tsakanin tsirrai biyu bai taɓa ko ɗaya ba. Farin kansa na fara gani, sannan gemun yana lilo. Gashin wutsiyarsa a jere yake daidai, alamar babba ne. Na ɗan shekara ɗaya na tsakiya sun fi tsawo. Yana cikin baje wutsiya, wuya a maƙale a jiki, ba a harbi a haka. Na yi ɗan ƙyas da baki. Ya miƙe wuya. Na ɗora saiti inda jan naman wuya ya haɗu da gashi, na yi bisimilla na ja.

Ya faɗi nan take yana bugun ƙasa da fukafukai. Na sa makullin kunama, na ruga, na taka ƙafafun saboda ƙayar da ke bayansu tana yanka, na yanka shi. Daga itacen zuwa inda ya faɗi taku 24 ne. Na yi wa lasisina alama a waya nan take, na kuma kai rahoto ta Telecheck, tsarin sanar da hukumar abin da aka harba, tun ban bar dajin ba, ko da yake wa'adin sai ƙarfe goma na dare.

A gida na duba aikin harsashin da kyau. Ƙwayoyi sun karya ƙashin wuya a wuri fiye da ɗaya, wasu sun shiga kai. A ƙirji guda biyu kacal na tarar, a sama can kusa da wuya, na ciro su da bakin wuƙa. Nauyinsa kilo 10 ba kaɗan. Uwargida ta ce cinyoyin sun yi tauri ba sa soyuwa, ta yi farfesu da su, ƙirjin kuma aka yanyanka aka yi tsire. Na kai wa dattijon nasa kason da ƙundu, wanda ya ce shi yake so.

12 ga Mayu

An rufe jiya, ban cike na biyu ba. Na kwance bututun inci 21 na wanke, na cire cok ɗin na shafa wa zarensa mai don kada ya cije, na mayar da na inci 28 saboda kurciya. Toshiyar ma'ajiya tana nan a ciki, dokar kurciya ma harsashi uku ce.

Gwaji ɗaya ya rage, zan yi shi idan zafi ya sauka: cok mai 0.675 da darma lamba 6, a yadi 15 da 25 da 40. Idan ya riƙe 100 a yadi 40 kuma ya ɗan buɗe a kusa, shi zan ɗaura baɗi.